Gurbin da Na Bar wa Sunan Surukina a Kwamfuta

Edita, lokacin da wannan abu ya same ni, ni amarya ce a cikin garin Keffi, ban daɗe da tarewa ba, ga ɗan karatun tafireta da na yi, ga rawar kai irin ta wadda ba ta san duniya ba. Zamanin kuɗin fetur ne, ana ta share daji za a gina sabon babban birnin tarayya, manyan motoci na ratsa garinmu kamar ba za su ƙare ba. Wani kamfanin gina hanya ya kafa sansani a bayan gari, aka ce suna neman mai buga tafireta. Mijina malamin firamare ne, shi bai ƙi ba, amma danginsa suka yi mini ca, wai ina aka taɓa ganin matar aure ta cikin gari tana aiki a tsakiyar leburori. Surukina ne ya tsaya mini. Dattijo ne mai sayar da goro a kasuwa, ba ya son dogon zance. Ya tara su ya ce tunda yarinya ta yi karatun nan, ai ba jiƙa shi za ta yi ta sha ba, a bar ta ta je, idan ta jawo abin magana a ɗora a kansa. Don haka aikin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, maganar dattijo na ɗauko a kaina.

Kamar kowace 'yar mutunci, ba na faɗin sunansa. Baba nake ce masa, duk wanda ya ci sunansa kuma sai in ce mai sunan Baba. Matsalar ita ce, suna ne da da wuya ka shiga gida a ƙasar Keffi ba ka tarar da mai shi ba. Ni kuwa na kai abin inda ko uwar mijina ba ta kai shi ba, don ko a takarda ba na iya rubuta shi. Da na fara aiki, idan ina buga takardu na zo kansa sai in bar gurbi in wuce, wata abokiyar aikina 'yar Eggon ta cike mini da biro tana yi mini tsiya. Aiki na tafiya, babu wanda ya taɓa lura.

Ana nan sai kamfani ya kawo kwamfuta. Aka ajiye ta a wani ɗaki mai sanyi kamar randa, mu da ke fama da zafi a waje muna jin haushinta. Aka kawo wata mata Bayarabiya mai ilimin abin, ta kama gida a Sabon Gari, kowa Madam yake ce mata. A cikinmu ni ta zaɓa ta koya wa, saboda hannuna yana da sauri. Ta nuna mini yadda ake ba na'urar umarni da wani yare nata da ake kira SQL. Kowane lebura layi ɗaya ne: ka faɗa mata inda za ta ajiye bayanin, ka buɗe alamar baka, ka jera sunansa da sunan mahaifinsa da garinsu da sana'arsa, kowanne a cikin alamar zance, waƙafi na raba su, sannan ka rufe. Ta gargaɗe ni cewa na'urar nan ba ta da kara ko kaɗan, abu ɗaya ya kauce sai ta watso maka aikinka gaba ɗaya. Na ce na ji, a raina kuwa ina cewa wace irin na'ura ce za ta fi ni wayo.

Aka ɗebo sababbin leburori daga Agwada da ƙauyukan da ke kewaye, kuma sai an shigar da sunayensu a kwamfuta kafin a ba su katin shiga sansani. A daidai lokacin aka kira Madam Legas, ta bar mini aikin. Na zauna na buga su tas, duk inda na ci karo da sunan Baba na bar gurbi kamar yadda na saba, da niyyar idan ta dawo in roƙe ta ta cike. A tunanina na'ura za ta karɓi sauran, yadda takarda ke karɓa. Da na tura, sai ta maido mini da ɗan gajeren saƙo a kan allonta mai koren rubutu, wai akwai kuskure kusa da waƙafi. Ba ta ce suna ba, waƙafi ta ce, don haka ko sau ɗaya hankalina bai je kan gurbin nan ba. Na bi waƙafi ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan a mazauninsu. Na duba baka, na duba alamar zance, na goge na sake bugawa, amsar dai ita ce. Har tofa mata addu'a na yi da na ga babu kowa a ɗakin.

Kwanaki suka yi ta tafiya, leburori na zaune a gindin bishiya a bakin ƙofa, ni ina wuce su kaina a ƙasa. Manajan sansanin ya kira ni ya ce shi dama bai ga dalilin ba 'yar tafireta wannan aiki ba, idan mako ya ƙare ba a gyara ba, zai ɗauko wani daga Jos ni kuma in koma gida. Wallahi na tsorata. Ba rasa aikin ne ya fi ci mini rai ba, sai yadda zan shiga gida dangi su kalli Baba su ce ai dama sun faɗa. Abinci ya daina shiga, idan na durƙusa gaishe shi da safe ya tambaye ni ya aiki, sai in ce alhamdulillahi.

Madam ta dawo ana gab da cikar wa'adin. Na ɗauka za ta ture ni daga kujera ta gyara da kanta, ni kuma a sallame ni. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta riƙe takardar sunayen leburorin a hannunta, ta ce in karanta mata abin da ke kan allo da ƙarfi, layi bayan layi, kada in tsallake ko ɗigo, don ita haka aka koya mata farautar kuskure. Na fara karantawa. Da na iso gurbin farko, bakina da kansa ya ce mai sunan Baba. Ta ce in sake. Na sake faɗin haka. Ta dubi takardar, ta leƙo allon, ta ga waƙafi biyu a jere babu komai a tsakaninsu, sannan ta juyo ta dube ni. Ta tambaye ni wane ne Baba. Na sunkuyar da kai na ce uban mijina ne.

Ina jiran faɗa, sai na ji ta fashe da dariya har da dafa kafaɗata. Ta ce su ma a garinsu matar aure ba ta kiran 'yan gidan mijinta da sunansu, har ƙananan yara sai ta raɗa musu wani, don haka ta gane sarai. Amma ta ce in sani ita na'ura ba ta da suruki, kuma gurbin da na bari ba girmamawa take gani ba, rami take gani. Ta cike guraben da hannunta, muka tura, nan take aka karɓa. Ga manaja kuwa cewa kawai ta yi an gano matsalar, kuma ba ta son kowa a kujerar nan sai ni. Sai dai ta gaya mini gaskiya a keɓe, cewa ba za ta dawwama a Keffi tana cike mini gurbi ba, in je in san yadda zan yi.

Na kasa kai maganar da kaina, sai na bi ta wajen mijina. Washegari da na je gaisuwa, Baba ya sa na zauna. Ya ce ya ji wai sunansa ya hana bayin Allah shiga wurin neman abincinsu, shi da ko kaza bai taɓa tarewa a hanya ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ya ce ladabina ya gani tun ranar da na shigo gidan, ba a jikin na'ura zai neme shi ba. Bakina ya ci gaba da jin kunyarsa idan ina so, amma yatsuna ya yafe musu duniya da lahira, su buga sunan duk inda aiki ya kawo shi. Ya miƙo mini goro ya ce in tashi kada in makara. Kuka na yi ta yi a hanya, na daɗi da na nauyin da ya sauka.

Na yi shekaru ina wannan aiki, na koya wa mutane da dama, kuma abin da nake so masu karatu su ɗauka ke nan. Idan na'ura ta nuna muku wuri ta ce ga kuskure, ku duba abin da ke gefensa, har da abin da kuka bari da gangan kuna ganin ba komai ba ne. Kada kunya ta hana ku faɗa wa na gaba da ku yadda kuke aiki, don da na buɗe baki tun farko da ban sha wannan wuyar ba. Ku kuma shugabanni, kafin ku kori yaro ku zauna kusa da shi ku ji dalilinsa, kamar yadda baiwar Allahn nan ta yi mini. Ban san inda take ba yanzu, Allah ya saka mata da alheri. Baba kuwa ya daɗe da rasuwa. Har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba, amma yatsuna sun buga shi ba adadi, kuma ban taɓa buga shi ban ce Allah ya jiƙansa ba.