Shekarar da Baba Ya Hana Kala

A gidanmu na Matameye, tatsuniya ba kyauta ba ce, da ɓarar gyaɗa muke sayenta. Kakata mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, sana'arta mai da ƙuli-ƙuli. Da an ci tuwo bayan magariba sai ta ɗora kasko a murhu, ta zuba rairayi, ta fara suyar gyaɗar da za ta kai niƙa washegari. Mu jikoki mu kewaye wutar, kowa da faifansa a cinya. Dokarta ɗaya ce: in hannu ya tsaya, labari ma ya tsaya. Ni na fi kowa shan faɗa, don rabin abin da na ɓare ba ya isa ƙwarya. "Ke Rabi," takan ce, "da bakinki ne ke ɓarar nan da tuni mun gama."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga gefen kasko da ludayi sau uku, ta ce, "Baki ya kwanta, kunne ya tashi." Mu amsa, "Ya tashi!"

Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa faɗa ba. In tana da magana da shi, ta kanmu take bi. Yana zaune ga shi nan, sai ta ce, "Ku gaya wa babanku dangar nan ta kwanta." Mu kuwa mu juya mu gaya masa, kamar bai ji ba.

Shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ba ta yi ƴaƴa sosai ba. A wajenmu, in mai gona ya cire gyaɗarsa ya kwashe, abin da ya tsinke ya rage a cikin ƙasa ba nasa ba ne kuma. Mata da yara sukan shigo da ƴan fartanyoyinsu su tona, kowa ya tafi da abin da ya samu. Shi ake kira kala. Ana gobe za mu fara cira, maƙwabciyarmu Haule ta shigo da la'asar. Mijinta ya tafi cin rani Najeriya, damina biyu babu shi babu saƙo, ga ƴaƴa huɗu. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce, "Malam, yaushe za ku gama, mu shigo?"

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Bana kam sai haƙuri, Haule. Ƴaƴana za su koma su tone abinsu. Kin ga yadda shekarar take."

Ta ce, "To, Allah ya sa albarka." Ta tashi ta fita, ƙaramin ɗanta riƙe da gefen zanenta. Iya tana zaune tana tsince gyaɗa.

Da yamma muka taru a bakin murhu. Baba yana can gefe a kan tabarma yana gyara ƙotar fartanya. Iya ta buga kasko.

Ta ce wai an yi wani manomi, ba a taɓa ganin mai ƙwazo irinsa ba. Abu ɗaya ke ƙona masa rai: ya yi gumi damina guda, sannan ya ga tsofaffi sun fita daga gonarsa da ƙwarya cike. Sai ya sa aka saƙa masa ƙatuwar rariya. Bayan ya cire gyaɗa, ya bi gonar nan taki-taki yana tankaɗe ƙasa, har ba a bar ko ƙwaya ɗaya ba. Masu kala suka zo suka tona, babu. Suka dawo baɗi, babu. Daga nan suka daina zuwa. Kurege ya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura, zabin daji suka canza hanya. Turbar gonar, da yake ƙafa biyu kawai ke takata, ta cike da ƙarangiya.

"Shi kuwa murna yake," in ji Iya, tana juya gyaɗa. "Ya ce yanzu gonata ta zama tawa."

Wata rana yana tankaɗe, maciji ya sare shi a ƙafa, ya faɗi. Ya yi kira, ya yi kira. Da a wata gona ce, akwai mata zaune a gindin gawo suna jira a gama, da tuni sun ji. A tasa babu kowa. Rana ta faɗi, ta fito, yana nan kwance. Sai ga wata tsohuwa, kurma ce, ita kaɗai a garin ba ta taɓa jin labarin rariya ba. Ta zo da ƴar fartanyarta, ta tona nan babu, ta tona can babu, sai ta ci karo da mutum. Ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta, ta ja shi har bakin hanya. Da ya warke ya aika mata da buhun gyaɗa. Ta mayar da shi.

A nan Iya ta sauya murya, ta ɗaga ta irin ta kurame: "Ku ce masa ni ba bara na je ba. Abin da ya faɗi na je ɗauka, shi na tarar a ƙasa."

Muka fashe da dariya. Ƙanena ya tambaya, "Iya, to ya ƙona rariyar?" Ta ce, "Oho. Ni a nan aka tsaya mini. Ku miƙo faifanku." Da na waiwaya, Baba ya daina fiƙe ƙota, wuƙar tana hannunsa, yana kallon wuta.

Washegari muka yi cira har rana ta take. Da muka zo kunya ta ƙarshe, na ɗauki fartanya zan koma baya in fara tono. Baba ya ce, "Ajiye. Kada wanda ya koma." Can kuma ya ce, "Je ki gaya wa Haule mun gama." Haule ta zo da ƴaƴanta, suka duƙa har yamma, suka fita da ƙwarya biyu. Ta wuce Baba a bakin gona ta ce masa sannu da aiki, shi ke nan. Haushi ya kama ni ƙwarai. Na ce wa Iya ko godiya ba ta yi ba. Iya ta ce, "Godiyar me? Ba ita ta duƙa ba?"

Yau ni malama ce, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a koleji. Kusan kowace shekara, in mun zo darasin mallakar ƙasa, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Madam, in gona ta mutum ce, da takarda da shaidu, ta yaya wani zai ce yana da haƙƙi a cikinta?" Tambaya ce mai kyau, kuma ina da amsar littafi: akwai abin da doka ta rubuta, akwai abin da al'ada ta riƙe. Ina rubuta musu a allo su kwafa, amma ni kaina na san amsar ba ta ƙosar ba.

Da ina yarinya na ɗauka Iya tsoro take ba mu, wato ka kyautata don ranar da za ka faɗi. Sai da na girma na gane ba nan ta dosa ba. Sadaka tana sa mutum ya miƙa hannu, ya sunkuyar da kai. Kala kuwa tana barin mace kamar Haule ta ciyar da ƴaƴanta da guminta, ta fito ta gaida mai gona kamar kowa. Mutanen da suka tsara haka ba su shiga aji ba, amma sun yi tunani mai zurfi a kan yadda mai shi da marar shi za su zauna gari ɗaya.

Bayan rasuwar Iya na tuna wa Baba wannan tatsuniya, ina tsammanin zai yi dariya. Sai ya ce, "Shekarar da mahaifina ya rasu ina da shekara biyar. Ba mu yi noma ba. Gonakin mutane kakarki ta bi tana tono har farcenta ya cire, da shi muka kai damina. Na manta, Rabi. Wallahi na manta."

Na ce, "To me ya hana ta tuna maka?"

Ya ce, "A gabanku? Da ta faɗa, da na bar Haule ta shiga don kunya, kuma da na riƙe abin a raina." Ya share fuska da hannun riga. "Ita ba ta so in ji kunya ba. So ta yi in tuna."