Muryar Modibbo Daga Bayan Bango

A unguwar Ƙofar Dumi, idan ka ce kana neman Ya'u sai a tambaye ka wanne. Idan ka ce Ya'u Mai Lasifika kuwa, kowa zai nuna maka lungun. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai wankin hula da mai gyaran babur, cike da tsofaffin amfilifaya da aka kawo gyara masu su ba su waiwaye su ba.

Da gyaran rediyo ya fara, tun yana saurayi. Daga baya ya haɗa kayan sauti na kansa, ya shiga yawon taro: wa'azi, maulidi, biki, har da taron siyasa idan lokacinsa ya zo. Al'adarsa ce kafin a fara ya je gaban kowace lasifika ya kara kunne, ya ji ko tana karkarwa. An sha yi masa magana a kan haka, shi kuwa ya ce ai kunnen ne jarinsa, dole ya yi aiki da shi. Da shekaru suka ja, baya ya ƙi ɗaukar kaya, sai ya sayar da manyan lasifikokin ya koma aikin gidaje. Lokacin ne ake ta gine-gine a unguwar Tirwun, inda a da gonaki ne. Faluka manya, ƙasa tayil, silin can sama, tagogi gilashi. Mutum ya sayo kayan sauti masu tsada ya kunna, magana ta riƙa karo da bango tana dawowa, ba a gane komai. Sai a kira Ya'u.

Kunnen bai tafi rana ɗaya ba. Da farko wani kuka ne kamar na gyare ya zauna masa a ciki, ko da rana tsaka. Sannan matarsa Sauda ta fara ƙorafin yana murɗa rediyo har sai muryar mai labarai ta yi tsini. Sannan masu gidaje suka fara kiransa ya dawo, wai sautin da ya daidaita yana sukar kunne. Abin da ke faruwa shi ne, siraran sautuka sun daina isa gare shi, shi kuma yana ta ƙara su don ya ji.

Wanda ya fara faɗa masa a fuska abokinsa ne Andrawus, mai sayar da kayan lantarki a kasuwar Wunti. Ya ce da shi tsoho, kunnen nan ya yi ritaya, saura mai shi. Ya'u ya ce ai wanda ke zaune kan kujera tun safe yana ƙirga batir ba shi da bakin maganar ritaya. Suka yi dariya, amma kafin Ya'u ya tafi Andrawus ya ciro masa wani ɗan akwati da ake haɗawa da kwamfuta, da siririn makirufo, ya ce ya gwada.

Aikin akwatin ba boyayye ba ne. Ana kafa makirufon daidai inda mai sauraro ke zama. A kashe fanka, a rufe ƙofa, kowa ya yi shiru. Sai lasifika ta saki wata ƙara da ke farawa daga gurnani tana hawa har ta zama siririn fito. Makirufon ya ji yadda ɗakin ya yi da ƙarar, kwamfuta ta zana layi: tudu inda ɗakin ya kumbura sauti, kwari inda ya haɗiye. Akwatin sai ya danne tudun, ya ɗan cike kwarin, tun kafin sautin ya fito. Ya'u ya koyi abin a hankali, da gilashin karatu a hanci. A nan ne kuma ya ga gaskiyar lamarinsa, domin ƙarar takan ƙare masa tun layin bai gama tafiya ba. Yakan ga masu gida suna yamutsa fuska suna toshe kunne, shi kuwa shiru yake ji, sai gyarensa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya iya kallon bakin mutum, ya iya gyaɗa kai a inda ya dace. Layin kwamfuta ya zama kunnensa, ƙorafi ya ragu, aiki ya ci gaba da shigowa jefi-jefi. Ya san dai ranar da aka ce a Tirwun mai gyaran sauti kurma ne, ranar zai rufe shago.

Ana nan sai Alhaji Jalo ya kira shi. Alhaji Jalo ma'aikaci ne, iyayensa Fulanin wajen Zungur. Bayan rasuwar mahaifinsa Modibbo, wanda malami ne mai ba da karatu, ya ɗauko mahaifiyarsa Hajiya Fatu ya dawo da ita sabon gidansa na Tirwun. Akwai wasu kaset-kaset na karatun Modibbo da wani ɗalibinsa ya ɗauka a zaure shekarun baya. Alhaji ya sa aka juye su a memori, ya sayi kayan sauti don tsohuwar ta riƙa ji. Amma duk sanda aka kunna, sai ta ce ba shi ba ne.

Zuwan Ya'u na farko, ya kafa makirufo a kan doguwar kujerar tsakiyar falo, ya auna, ya gyara. Ya sa aka shimfiɗa kafet, aka sauke labule. Amsa-kuwwar ta kwanta, layi ya miƙe. Alhaji da kansa ya ce yanzu kowane harafi yana fita. Aka kira Hajiya, aka zaunar da ita a kan kujerar. Ta ɗosana a baki-baki, ta saurara kaɗan, ta ce an gode, amma ba shi ba ne, ta tashi ta shige. Zuwa na biyu ya matsar da lasifikokin, ya sake awo. Amsar ba ta canza ba.

A zuwa na uku ne Alhaji ya ce, cikin ladabi, wani abokinsa ya san wani a Jos da ke irin wannan aiki, ko za a kira shi su haɗa hannu. Ya'u ya ce ba laifi. Ya san abin da haɗa hannu ke nufi. Mutumin Jos zai zo da kunnensa garau, magana biyu za su yi ya gano shi.

Hantsi ne, zafi ya fara, fanka a kashe saboda awo. Ya'u ya zauna a ƙasa yana kallon layin da ba shi da aibi, ya rasa me zai taɓa. Gwiwoyinsa na ciwo. Aka kira Alhaji a waya ya fita tsakar gida, karatun Modibbo na ci gaba a falon da ba kowa sai Ya'u. Ya miƙe don ya duba wata waya da ta bi ta bayan ƙofar cikin gida. Yana tura ƙofar ya ga Hajiya Fatu zaune a kan tabarma a ɗan lungun da ke bayan falon, ta jingina da bango, carbi a hannu.

Ya yi saurin durƙusawa ya ba da haƙuri. Ta ce ba komai. Ya tambaye ta ko a nan take zama idan an kunna, ta ce to a ina za ta zauna. Da ya ga ba ta kore shi ba, ya ƙara tambaya, ita kuma ta ba shi amsa tana kallon carbinta. Duk zamansu da Malam, haka take kiran mijin, ba ta taɓa shiga zaure yana karatu ba. Zaure na maza ne da ɗalibai. Ita tana ciki, bayan katangar ƙasa, tana kaɗa nono ko tana tankaɗe, muryar na zuwa mata ta saman katanga da ta ƙofar zana.

"Wannan da kuke sa mini," ta ce, "kamar ya zo ya tsaya a gabana yana yi mini karatu a fuska. Shi bai taɓa ba. Kunya ma abin yake ba ni."

Ya'u ya koma falo ya kwance makirufon, ya kawo shi lungun, ya saukar da shi daidai kan mai zama a tabarma. Ya roƙe ta ta toshe kunne, ya saki ƙarar. Layin da ya fito ya karkace: saman, wato wajen siraran sautuka, ya zube saboda bango, tsakiya kuma ga wani tudu da tayil ɗin lungun ke haifarwa. Akwatin, da aka bar shi da ra'ayinsa, sai ya ɗaga saman nan da bango ya cinye, ya dawo da muryar tsaye a fuska. Ya'u ya kunna mata karatun, ta girgiza kai tun kafin a kai ƙarshen aya.

Ya gane abin da ya rage. Tudun tayil na'ura za ta iya danne shi. Amma yawan saman da za a bari, da yawan da za a bar wa bango, wannan ba ya cikin layi, sai an ja saitin da hannu ana saurare. Kuma daidai wurin ne kunnensa ya mutu. Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Ya ji motsin Alhaji ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ko kuma dai inuwarsa ya gani.

"Hajiya," ya ce, "ni kunnena ya tafi. Saman muryar nan ba na jin sa, na daɗe ba na ji. Ke za ki ji, ni in murɗa."

"Ai na sani," ta ce, ta ɗan ɗaga murya. "Tun zuwanka na fari kake bin bakin mutane da ido. Malam ma haka ya koma a ƙarshe. Murɗa mu ji, ɗan nan."

Bai juya ya dubi Alhaji ba. Ya fara ja. Ta ce ya yi kusa da yawa, ya rage. Ta ce yanzu kuma kamar daga rijiya, ya ɗan mayar. Ta ce akwai wani ƙarfe-ƙarfe a ciki, Malam ba shi da shi, ya nemo tudun tayil ɗin ya ƙara danne shi. Wani lokaci sai ta faɗi abu da Fulatanci, Alhaji ya fassara daga bakin ƙofa, wani lokaci shi ma ya rasa Hausarsa sai ya kwatanta da hannu. Ya'u na ja, yana kallon bakinta. A kunnensa duk ɗaya ne, gunaguni ne na wani dattijo da bai taɓa gani ba.

Can ya tambaya ko ya ƙara. Ya sake tambaya. Ta mayar da kai jikin bango, carbin ya tsaya, leɓunanta na bin karatun. Ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar a hankali, ya adana saitin yadda yake.

Ya bar wa gidan saiti biyu, ɗaya na falo don baƙi da kallon ƙwallo, ɗaya na lungu. Ya nuna wa Alhaji maɓallin da ake sauyawa. Alhaji ya raka shi har inda ya kafe babur, yana godiya, bai sake ambaton Jos ba. Sai dai yanzu da ƙarfi yake masa magana, yana buɗe baki sosai, har wani maƙwabci da ke ba shukarsa ruwa ya juyo.

Maganar ta zaga Tirwun, kamar yadda ya zata. Wasu da suka saba kiransa sun daina. Andrawus ya ce da ya bari shi ya yi masa shela a Wunti, da ya fi armashi. Sauda kuwa ta daina kiransa daga ɗaki, sai ta zo gabansa.

Har yanzu yana buɗe shagon. Aikin ya ragu, gyaren kunnen bai ragu ba. Idan an kira shi gida, tun a bakin ƙofa yake faɗa cewa ba ya ji sosai, na'ura ce za ta auna, mai gida kuma shi zai saurara. Akwai masu cewa to bari sai sun neme shi. Inda aka ce ya shigo, yakan ajiye jaka, ya huta kaɗan saboda gwiwa, sannan kafin ya ciro makirufo ya tambaya wane ne zai riƙa ji, kuma a ina yake zama.