Rigar da ta hana ni shan ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Wasu sun ɗauka fushi nake, wasu sun ce wayata ce ta ɓata. Ba ko ɗaya. Ƙodata ce ta kusa tsayawa, kuma ina so abokan aikina su ji yadda aka yi.

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen gaggawa na wani asibiti a yankin Jega. Da korona ta shigo, aka ba mu farar rigar ledar nan mai rufe mutum daga kai har ƙafa. Rigunan ba su da yawa, kuma da ka cire ta, ta gama aiki, sai ƙonawa. Wato duk zagayawa ɗaya don fitsari, riga guda ta tafi.

Sai muka samo wa kanmu dabara: kada a sha ruwa. Ba wanda ya umarce mu. Ka shiga da safe maƙogwaro a bushe, ka fito da yamma gumi ya taru a takalmin roba har yana ƙara in ka taka. Zafin bazarar Kebbi kuwa kun san shi. Har gasa muke yi, ni na fi kowa, ana kirana Raƙumi ina washe baki.

Marasa lafiya ba sa yankewa. Wannan daga Mungadi numfashi ya sarƙe masa, wancan an kwaso shi a hanyar Aliero babur ya kayar da shi, kuma ba ka san wa ke ɗauke da cutar ba. Bayana ya fara ciwo, na ce tsayuwa ce. Na dinga afa maganin kashe ciwo a cikin da ba komai, ni da ke yi wa mutane faɗa a kan haka.

Fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. Na gani da idona, na kau da kai.

Sannan ya ragu. Sannan sai in wuni ban ji shi ba.

Matata Hauwa'u ce ta fara magana.

"Malam, wanga kumburin ƙahwa hwa ba na gajiya ba na."

Na ce, "Ke kika karanci aikin ko ni?"

Gaskiya tsoro ne ke cina. A lokacin in ma'aikacin asibiti ya kwanta, sunan ciwonsa ɗaya ne a bakin unguwa, wato korona, ga maƙwabta tuni sun janye ƙafa daga gidanmu.

Ranar da asiri ya tonu, takalmin robar ne ya ƙi fita. Shugabar sashenmu, wata dattijuwa da muke kira Inna, ita ta sa almakashi ta yanke shi. Ta daɗe tana kallon ƙafar.

"Ɗana, yaushe rabonka da bawali?"

Nan take ta sa aka yi mini gwaji.

Gwajin korona bai nuna komai ba. Gwajin jini ne ya sa fuskar kowa ta canza, ranar aka wuce da ni babban asibiti a Sakkwato. Likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Wankin ƙoda za mu hwara. Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, wannan sai Allah."

Aka sa mini bututu a wuya. Ina kwance ina kallon jinina yana fita, ya zaga cikin inji, ya dawo. Na sha turo mutane wannan ɗaki, ban taɓa sanin sanyin da ake ji a ciki ba. Ruwa kuma aka taƙaita mini, sai a ɗan ƙaramin kofi. Na roƙi Hauwa'u ƙari har da hawaye, ta juya mini baya ita ma tana kuka.

Wankin ƙoda ba aikin albashinmu ba ne. Yayana ya kwashe albasar da ya ajiye yana jiran ta yi daraja, ya kai kasuwa a lokacin da take banza. Har yau bai taɓa tada maganar ba.

Bayan makonni, wata safiya fitsari ya zo. Ban san namiji zai yi kuka a kan wannan ba sai ranar.

An cire bututun, na dawo gida, na koma aiki. Amma likita ya ce abin da ya lalace ba duka ya dawo ba, da sauran zan yi ta lallaɓawa har ƙarshen rayuwa. Duk zuwa gwaji gabana faɗuwa yake.

Alhamdulillahi. Na gode wa Inna, da yayana, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Abokan aiki, ku sha ruwa. Riga in ta ƙare a je a nemo wata, ba da jikinku za ku cike giɓin ba. Ku bar haɗiyar maganin ciwo barkatai. In fitsari ya canza launi ko ya ragu, a yi gwaji ranar. In na gida suka ce sun ga wani abu, ku saurara.

Ni yanzu kowace safiya, kafin in sa takalmi, Hauwa'u kan durƙusa ta danna idon sawuna da babban yatsa, ta ɗaga, ta tsaya kallon ko ramin zai cike, don in bai cike ba kumburi ya dawo.

Ba wanda ke magana a cikinmu sai ya cike.