Shekara huɗu ina tsaron raga

Muna zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, na titin Jalan Semarak a nan Malesiya bayan ƙwallon safiyar Asabar, shayi har ya huce, ana ta musu a kan Sadiq.

Sabon ɗalibi ne, watansa biyu da zuwa. Mun sa shi a baya, wasa uku ana wuce shi kamar babu kowa a wurin. Yau ma ta gefensa aka zura mana biyu.

Wannan ya ce a mai da shi tsakiya, wancan ya ce gefe tunda yana da gudu. Kyaftin Bashir har zane yake da cokali a kan tebur.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Kyaftin, ni da na zo na yi irin wannan shirmen, wa ya zauna a kaina? Safar hannu kawai kuka wurgo min."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Shi akwai abin gyarawa ne, Malam Auwal. Ci gurasarka."

Ni da na baro Kano ina lamba tara, har yau ina raga.

Ku faɗa min gaskiya, hassada nake yi ko ina da hujja?