Janar a Ƙarƙashin Dabino

Kusan duk gidanmu sun yi kuskure a kan mutumin da ke cikin farantin dabino. Ba Baturke ba ne, ba basaraken sarkin Istanbul ba ne, kuma bai taɓa sanin an yi wani mahaluki wai shi mahaifin Kaka ba. Janar ne na ƙasar Italiya, ya mutu tun ba a haifi kowa da na sani ba.

Farantin na ƙarfe ne, mai faɗi, da hoton wani farin mutum a tsakiya, gashin baki kamar tsintsiya, ƙirji cike da lambobi. Tun muna unguwar Tandabawi a nan Makka, kafin mu koma Zahir, shi ake fitarwa idan an yi manyan baƙi. Saboda hoto ne ba a rataye shi, sai a rufe fuskar da dabino. Baƙi suna ci, mutumin yana fitowa. Da zarar gashin bakin ya bayyana sai Baffa, yayan babanmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa, ya gyara zama ya ɗauko labarin. Wai kakansa sojan wannan basarake ne, shi ya tare masa takobi da kafaɗarsa, aka ba shi farantin tukuici. Na ji labarin nan har na gaji da shi.

Bara na samu aikin Hajji a wani kicin da ke shirya abincin Arfa. Tsayuwa ce daga safe, ki saka burodi, ki saka ruwa, ki rufe kwali, ki tura. Ni ba na iya zama shiru lokacin hutu. Ina da hoton farantin a wayata, sai na sa shi a bincike don kawai in kashe lokaci. Nan take fuskar ta fito, da sunansa, da tarihinsa.

Ban ajiye wayar ba sai da shugabar layinmu ta ce, "Yalla ya binti, kwalayen ba za su rufe kansu ba."

Kwanaki ina karanta shi. An kai shi makarantar soja yana yaro, ya koyi harba igwa. Ya yi yaƙi da Austiriya aka ci su, ya gudu ƙasar waje, ya dawo ya sake gwadawa, ya samu harsashi a cinya. Daga baya aka tura shi yaƙar Rasha a ɓangaren Turkawa, can ya samo lambar nan mai jinjirin wata da Baffa ke nunawa da yatsa. Ya tsufa yana rigima a majalisar ƙasarsu. Haushinsa nake ji, kuma na kasa barinsa. Mutum ya ƙetare duwatsu da teku da ƙafa mai ciwo, ni da ƙafafuna lafiya ban taɓa wuce Jidda ba. Ga shi wanda ko shingen shiga Makka ba za a bari ya wuce ba ya yi shekaru a ɗakin baƙinmu.

Da ba don Yaya ba da na yi dariya na manta. Yayana yana neman wata yarinya, 'yar babban gida, kuma mazan gidansu sun sa ranar zuwa ganin namu bayan Hajji. Yaya ya daɗe yana jiran wannan rana. Mahaifinta an san shi da abu ɗaya, ba ya yafe ƙarya.

Na sami Kaka tana tsince shinkafa, na dangwara mata wayar a gaba.

"Kaka, mutumin farantinki ɗan Italiya ne."

Ko kallon wayar ba ta yi ba. "To da ɗan Kano kika zata?"

"Kin sani?"

"Babana ɗan dako ne a Musawwa, can tsallaken teku, kan hanyarsu ta zuwa nan. Gishiri yake ɗauka a tashar jirgin ruwa, yana tara na ƙetarewa. Wata matar Bature ya kwashe wa kaya, ta ba shi farantin. A ciki ya ci abinci har Jidda."

"To takobin fa?"

"Baffanki ne. Yana ƙarami ya dawo daga makaranta yana kuka, yara sun ce masa takaruni, wato baƙar fata, jikan bayi. Washegari ya tafi da labarin takobi, bai ƙara dawowa da kuka ba. Ni zan ƙwace masa?"

"Yanzu ai ya yi furfura."

"Furfurar a kansa take. Miƙo mini tiren can, sarkin gaggawa."

Na tari Baffa da maganar bayan la'asar. Ban iya kwana-kwana ba, na faɗa masa yadda take. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Halas, shi ke nan, waya ta fi baffanki sanin kakansa." Ya sa takalmi ya fita masallaci. Yaya kuwa cewa ya yi in rufa masa asiri in yi shiru, komai zai wuce.

Ranar da baƙin za su zo na ɗauki farantin na ɓoye a bayan injin wanki. Baffa da kansa ya nemo shi. Sai na koma ga dabino. Na zuba, na ƙara, na tula har ya yi tsauni, yadda ko mutum goma ba za su kai ga fuskar ba. Kaka ta leƙo ta ce, "Baƙi ne za su zo ko ayarin raƙuma?"

Ina bayan ƙofa ina saurare, na kasa tsayawa wuri ɗaya. Baƙin mutanen kirki ne, kowa ya ɗauki ɗaya ko uku ya sha gahawa. Na fara samun natsuwa ke nan sai na ji Baffa yana cewa a kawo kwano, dabinon ya yi wa farantin yawa. Da hannunsa ya kwashe. Na ji labarin daga farko har ƙarshe, har da wani doki fari da ban taɓa ji ba. Mahaifin yarinyar ya ce masha Allah. Sannan wani saurayi a cikinsu, wanta, ya dubi Baffa ya ce, "Ya ammi, ka ba ni izini in ɗauki hotonsa? Ina son tsofaffin kaya."

Baffa ya ce ya ɗauka.

Bayan sun tafi Yaya ya shigo yana murmushi, yana cewa an dace. Na shiga tattara kofunan gahawa. Ni na san daƙiƙa nawa wayata ta ɗauka kafin ta tona janar ɗin, kuma wayar wancan ba ta fi tawa lalaci ba. Ko yau, ko wani mako, zai zauna ba shi da abin yi kamar yadda na zauna. In ya kai wa mahaifinsu da kansa, mu gidan maƙaryata ne, maganar aure ta mutu.

Na wanke farantin, na kife shi. Na ce wa Kaka ta shirya gobe da hantsi, zan nemo mota mu je gaishe da mahaifiyar yarinyar. Ita za ta ba su labarin gishirin Musawwa da bakinta, da na yaron da ya dawo daga makaranta yana kuka, ni kuma in nuna musu janar ɗin a wayata.

"Baffanki fa?" in ji ta.

"In mun dawo ni zan faɗa masa."