Tafiyarmu Abuja da Labarin Rukayya

Asabar: Zariya zuwa Idu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fito daga gida a Tudun Wada, ni da 'yata Rukayya mai shekara goma sha shida. Labarinta ya shiga cikin guda biyar da suka kai zagayen ƙarshe a wata gasar rubutu ta ɗaliban sakandare, aka gayyace ta Abuja ta karanta shi a gaban alƙalai. Ni malamin lissafi ne, kuma gaskiya ban taɓa karanta labarin ba. Murnar dai nake yi, har maƙwabta sai da na gaya wa.

Motar haya ta sauke mu Kaduna bakwai da kwata, keke mai ƙafa uku ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, aka duba tikiti da jakunkuna. Jirgi ya tashi ƙarfe takwas. Rukayya ba ta taɓa hawa jirgin ƙasa ba, ta manne da taga. Ni kuwa na ce ta ba ni takardun labarin in gani. Ta miƙo ba tare da ta dube ni ba.

Labarin wani zamani ne mai zuwa, bayan koguna sun ƙafe. Kowace shekara hukuma tana ɗaukar matashi ɗaya daga kowane gari ta hanyar ƙuri'a, a rufe su a wata tsohuwar masana'anta. Wanda ya rage da rai, garinsu ne zai sami ruwan shekara. Jarumar wata yarinya ce, Ladidi, wadda ta ƙi ɗaukar makami, ta riƙa ɓoye raunana a cikin wani tankin ruwa da ya bushe. Wallahi ban san lokacin da muka wuce tashoshi uku ba.

Sai na iso kan Mai Gasa, mutumin da ke shirya kisan. Tabaransa a ɗaure da zare a gefen hagu. Kullum da safe yana kafe sunayen yaran a bango daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, yana cewa na biyu ba shi da suna. Na kai hannu na taɓa zaren tabarauna. Wannan maganar tawa ce. Haka nake jera sakamakon 'ya'yana a bangon falo duk ƙarshen zango. Na dubi Rukayya, ta ƙara mannewa da taga.

Mun sauka tashar Idu ta Abuja goma da rabi ta ɗan wuce.

Idu zuwa Kurudu

Direban da ya ɗauke mu Hausarsa ta Abuja ce. "Oga, yarinya ya zo makaranta ne?" Na ce a'a, marubuciya ce. Ya ce to lallai ta saka shi a littafi, shi da cunkoson Nyanya. Cunkoson kuwa ya riƙe mu awa guda cur, ga shingen jami'an tsaro inda suka leƙa but ɗin motar suka ɗaga mana hannu. Ɗaya da kwata muka isa gidan ƙanena Sani a Kurudu, wanda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya. Matarsa ta tarbe mu da sakwara da miyar agushi.

Bayan la'asar Rukayya ta gwada karatun a tsakar gida. Da ta zo kan Mai Gasa, Sani ya kalli tabarauna, ya tashi ya shige ɗaki. Ina jin dariyarsa ta taga.

Lahadi: Garki

Tara saura muka isa zauren taron, ya cika da ɗalibai da iyaye. Wata yarinya daga Paikon Kore ce ta fara, da labarin gonar doyar kakarta, ta sha tafi. Rukayya ce ta huɗu. Ta fito gaba ta fara karantawa. Lokacin da Ladidi ta buɗe tanki ta ga sojojin Mai Gasa tsaye, wata mata a bayana ta ce "Innalillahi" da ƙarfi. Ni da na riga na karanta ma gabana sai da ya faɗi.

Shugabar alƙalai ta tambaye ta inda ta samo Mai Gasa. Na sunkuyar da kai. Rukayya ta ce ta san wani mutum da yake son yara sosai, amma ya ɗauka tsere ne kawai zai cece su. 

Ta zo ta uku. Na sami kaina a tsaye ina tafi, har Sani ya ja min riga. A bakin ƙofa wata mai buga littattafai ta tare mu, ta ce labarin ya fi ƙarfin shafi goma, Rukayya ta mayar da shi littafi ta aiko mata. Rukayya ta riƙe katin matar da hannu biyu.

Litinin: Komawa

Jirgin safe muka bi daga Idu. Bayan mun wuce Kubwa na ba ta kunun gyadan da matar Sani ta zuba mana a flas, sannan na tambaye ta abin da zai faru da Mai Gasa a ƙarshen littafin, ko Ladidi za ta kashe shi.

Ta ce Ladidi ba ta kisa. Ta kurɓi kunu, ta dube ni sosai, karo na farko tun Zariya.

"Shi kuma ban yanke ba tukuna, Baba. Ina dai kallonsa."

Biyu da rabi muka shiga gida, ƙannenta suka yi mata caa a zaure, mahaifiyarta na guɗa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, sai Sani da iyalinsa da suka bar mana ɗakinsu kwana biyu.