Inda Motar Baba Ke Mutuwa

Shekarar da Baba ya rasu, Inna ta ƙi barin 'Yankuzo. Mun yi lallashi, mun tura dattawa, ƙanwata ta yi kuka har ta gaji. Maƙwabta suna ta kwashe kaya suna komawa Tsafe da Gusau saboda halin da daji ya shiga, ita kuwa tana zaune tana tsince wake a faifai kamar ba da ita ake ba. Sai da damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, sannan ta aiko mini cewa ta yarda ta dawo gidana a Damba, a bakin Gusau. Amma da sharaɗi. Ba za ta shiga motar haya ba. A motar Malam za a ɗauke ta, ita da gadonta da randunanta da awakinta biyu. Malam shi ne Baba, ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, fara, ta girme wa ƙanwata. Da ita Baba ya yi shekaru yana jigilar hatsi tsakanin Tsafe da Gusau, kuma na zauna a gefensa a wannan hanya sau ba adadi. Tun bayan rasuwarsa tana ajiye a ƙofar gidana, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Da na zo tayar da ita, sai kafireta, wato abin da ke gauraya fetur da iska ya tura wa inji, ta yi ta yoyo ta ko'ina. Ta ci zamaninta. Na je layin masu kayan gyara na sayo sabuwa a kwali wajen wani mutumin kudu haifaffen Gusau, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Bai ɓoye mini ba, ya ce ba ta kamfanin motar ba ce, irin waɗanda ake ƙerawa don tsofaffin injuna ce, in kai wa makaniki ya ɗaura. Na ce to. Ban kai ba.

Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa, kuma ciwon irinmu shi ne ganin babu abin da zai gagari mai karatu. Ranar Asabar da hantsi na ɗaga bonet, na kwance tsohuwar kafiretar. A ƙarƙashinta, can lungun da ido ba ya kaiwa sai hannu, na taɓo wani abu mai taushi. Na janyo shi da ƙyar. Ɗan ƙunshin fata ne kamar babban yatsa, an ɗinke shi tsaf, ya yi baƙi da man inji. Laya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba da ya hana mu ko zuwa wajen mai duba, ashe shi yana yawo da laya a cikin inji? Ban buɗe ta ba. Na ce wa kaina ƙyama ce ta hana ni, amma gaskiya har da tsoro. Na haƙa rami a bayan gida na binne ta, na wanke hannu, na ɗaura sabuwar kafireta ina jin kaina kamar wanda ya yi jihadi.

Motar ta tashi, sai dai tana rawar jiki in aka bar ta ita kaɗai. Na murɗa ɗan sukurun silo, wanda ke riƙe inji in ba a taka totur ba, har ta ɗan natsu. A cikin gari ina sane da ita, ina lallaɓa ta da ƙafa, ba ta ba ni kunya ba. Sai na ce bari in gwada ta zuwa Tsafe kafin in ɗora mata Inna.

Bayan na wuce dutsen Kwatarkwashi akwai wata tsamiya a bakin hanya. Ina daidai da ita motar ta yi wani dogon sauti kamar tsaki, ta mutu. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba. Na gangara gefe da sauran gudun da ke jikinta. Rana tsaka ce, amma ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Dawa ta rufe hagu da dama, ba ka ganin taku goma a cikinta, kuma a shekarun nan ba wanda ke son tsayawa a irin wurin ko don kama ruwa. Babu mota gaba, babu baya. Ina ta murɗa makulli gumi na shiga mini ido, sai na ɗaga kai na gane tsamiyar. A nan wata Bafulatana take ajiye ƙwaryarta, a nan Baba yake tsayawa ya sha fura duk tafiya. Yanzu babu ita, rugarsu ta tashi, sai duwatsu uku na murhu da ciyawa ta kusa binnewa.

A murɗawa ta biyar ta tashi. Na ce katari ne. A dawowa ta mutu a gaban wani ɗan masallacin laka inda Baba ke yin azahar, wanda rufinsa ya rufta tuni. Bayan kwana biyu na sake fita, ta mutu a tsamiya, ta mutu a masallaci, ta ƙara da wata kwalbati inda yake ɗibar ruwa ya zuba wa lagireto in inji ya yi zafi. Kowane karo sai ta yi wannan tsakin tukuna. Baba mutum ne mai tsaki in an yi masa aikin banza, kuma ba zan ɓoye ba, na fara jin muryarsa a ciki.

Ba abin da ban yi ba. Na wanke fulogi, na sauya matatar mai, na kwance sabuwar kafiretar na hura kowace ƙofa da bakina har na kwana ina gyatsar fetur. Na daina tsayuwa a bayan gida, wajen da na yi binnen. Mai koyar da kimiyya, ga shi yana kewaya rami kamar akwai kunama a ciki.

Kuskurena na biyu shi ne gaya wa ƙanwata. Bakinta ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Kafin mako ya zagayo ta dawo mini da saƙon Inna: "Ki hwaɗa mai, in motar Malam ta tsaya da ni bisa hanya, nan za ni sauka in koma ɗakina. Bai so in tahi ba ke nan."

Na san Inna. In ta faɗi magana, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta janyewa. Mutuwar mota sau ɗaya tak, shi ke nan na rasa ta, ta koma garin da kullum muke kwana da fargabar labarin da za mu ji daga can.

Sai na sauke girman kai na nufi Bungudu. Akwai wani tsohon makaniki a can, abokin Baba tun suna samari, muna ce masa Kawu. Idonsa ya yi rauni, ya bar aiki sai na kunne. Na same shi a rumfarsa yana cin goro. Ya ce in tayar da ita in matsa. Ya daɗe a tsaye kansa a karkace, bai taɓa komai ba. Daga nan ya sunkuya ya tsinci gashin kaza a ƙasa, ya riƙe shi da yatsu biyu, yana bin jikin injin da shi a hankali kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Da ya kai lungun nan na ƙarƙashin kafireta, gashin ya fizge daga hannunsa ya manne.

"Ga ɓarawonka," in ji shi. "Iska ka shiga ta nan. Mi kac cire a wuringa?"

Na yi ƙasa da murya na ce, "Kawu, laya na tarar."

Ya juyo ya dube ni da idanun nan nasa masu hazo. "Laya? Ubanka da laya?" Ya tofar da goro. "Ƙusa ta, cikin guntun roba. Ni nib ba shi ƙusar da hannuna. Wani bututu na da babu aikin da shi kai, munka toshe shi. Ɓera ya cinye robar sau biyu, shi na yas sa ya ɗinke ta cikin hwata. Ka manta kakanka baduku na?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Mako uku ina zargin mutumin da ke kabari da abin da bai aikata ba, alhali ni ne na buɗe wa injinsa ƙofa yana shan iskar da ta fi ƙarfinsa. Kawu ya bayyana mini sauran: muddin ƙafa na kan totur, fetur na rinjayar iskar, mota na tafiya. Da zarar an ɗaga ƙafa ana cikin gudu, iska ta yi yawa, inji ya shaƙe. Tsakin da nake ji, ramin ne ke zuƙa.

Na ce, "To Kawu, me ya sa sai a wuraren da Baba ke tsayawa?" Na lissafa masa su. Ya ci gaba da yanka sabuwar roba, har na ɗauka bai ji ba.

"Mota ba ta san tsamiya ba," ya ce. "Ƙahwarka ta sani."

Ya toshe ramin, ya daidaita silo da kunne, injin ya koma numfashi lafiya lau. Washegari na fita hanyar Tsafe ina lura da kaina. Ina hango tsamiyar na ji ƙafata ta sassauta da kanta, ban umarce ta ba. Shekara da shekaru ina zaune a gefe ana rage gudu a nan, ashe jikina ya haddace. Motar ba ta mutu ba. Na ɗaga ƙafa da gangan a masallaci, na ɗaga a kwalbati, na ɗaga a inda babu dalili, ko gezau. Na dawo gida ina dariya ni kaɗai, idona kuma cike da hawaye.

Ranar ɗaukar Inna na isa 'Yankuzo da sassafe, don mu fito tare da motocin kasuwa. Maƙwabtan da suka rage suka taya ni lodi. Aka kifa gado, aka naɗe randuna da tsummoki, aka ɗaure awaki a kusurwa. Inna ta kulle ɗakinta, ta ƙulle makullin a bakin zane, ta shiga gaba ta zauna inda ta saba zama. Ba ta yi wa kowa doguwar sallama ba.

Maƙabartar garin tana bakin hanyar fita, ba katanga, sai 'yan itatuwan aduwa. A nan Baba yake. Inna ba ta taɓa zuwa ba, tunda mata ba sa bin gawa. Ina sane da wurin tun daga nesa. Na ce a raina yau ko me ƙafata ta haddace ba ta isa ba, na danna totur na riƙe.

Muna daidai da aduwa ta farko injin ya ɗauke. Babu tsaki, babu komai. Motar ta gangara ta tsaya a hankali kamar an taka mata birki. Na duba ƙasa, ƙafata na nan a kan totur, a danne.

Motocin kasuwa suka yi gaba suka bar mu. Awakin da suke ta kuka tun daga gida suka yi tsit. Na buɗe baki na ce, "Inna, wataƙila fetur ne bai..."

"Yi shiru," ta ce.

Ta kama marfin ƙofa ta buɗe. Ina kallo ta sauke ƙafa ɗaya, ta sauke ta biyu. Garin yana nan a bayanmu, tafiyar da ba ta fi a sha ruwa ba, kuma na san in ta juya ba ni da bakin da zai dawo da ita.

Ba ta juya ba. Ta tsaya a bakin hanya, ba ta shiga ba, tana duban tudun ƙasa da ruwan damina ya kusa daidaita su. Ta ce, "Wane na?" Na fito na nuna mata na uku daga gindin aduwa, mai fasasshiyar tukunya a kai. Ta daɗe tana kallonsa, leɓɓanta na motsi. Ni kuwa ina kallon dawar da ke ɗaya gefen hanya, kowane ganye ya motsa sai gabana ya faɗi.

Can ta ɗaga murya, da irin muryar da take yi masa magana daga ƙofar ɗaki in za ta gidan suna. "Malam, za ni Gusau."

Ta saurara kamar mai jiran amsa. Ban ji komai ba, ban kuma san abin da ita ta ji ba. Ta dawo ta shiga mota, ta ja ƙofa, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Tada ta," ta ce. "In ta tashi, ya yarda."

Na kama makullin. Babu abin da na sani na kimiyya da ya zo mini a lokacin, bisimilla kawai na iya. Na murɗa sau ɗaya, injin ya kama.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Har muka wuce Tsafe ina ganin kafaɗunta suna girgiza. Da muka shigo Damba ta kwance bakin zanenta, ta miƙo mini makullin ɗakinta, ta ce in ajiye.